Yinin Talata a Santambul, daga ƙofar Topkapi zuwa Ayyub Sultan

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da war haka daga birnin Santambul na ƙasar Turkiyya. Wannan ƙofa da kuke gani a bayana ita ce ta fadar Topkapi, wadda Sarki Muhammad al-Fatih ya fara ginawa a 1459, 'yan shekaru bayan ya ci birnin da yaƙi a 1453. Na yi sammako ne domin in ga ɗakin da aka adana kayayyakin tarihin da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda aka kawo nan bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci ƙasar Masar a 1517. Mai masaukina ya tabbatar mini cewa kullum a buɗe take, amma ga mai gadi nan yana sanar da mu cewa duk ranar Talata fadar a rufe take. Raina ya sosu ƙwarai, domin wannan ɗaki na daga cikin manyan dalilan zuwana. Duk mai niyyar zuwa ya riƙe wannan, ya kuma riƙe cewa babbar kasuwar birnin mai rufi ba ta ci ranar Lahadi.

Na gangaro zuwa Eminonu, bakin ruwa, kusa da gadar Galata inda masu fatsa suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Ƙamshin gasasshen kifi ne ya tsayar da ni. Abin da ke hannuna shi ne balik ekmek: kifin da muke kira taitus, an tsaga shi an gasa a kan faffaɗan ƙarfe har fatarsa ta yi ƙayau, sannan aka cusa shi cikin rabin burodi da ɗanyar albasa da latas. Babu yaji ko kaɗan, sai gishiri da ruwan lemon tsami da mutum zai zuba da kansa, kuma dole a ci a hankali saboda ƙananan ƙayoyi. A ganina wannan abinci ya cancanci sunan da ya yi, domin maiƙon kifin yana ratsa burodin, albasar kuma tana kashe ƙarnin. Abin da ya gagare ni shi ne jan ruwan tsamin da ake sayarwa tare da shi a kofi, da guntayen kabeji da kokwamba a ciki. Gishirinsa da tsaminsa sun fi ƙarfin harshena, alhali mutanen gari suna kurɓarsa cikin jin daɗi.

Daga nan na nemi jirgin ruwan da zai kai ni unguwar Ayyub Sultan. Wani bawan Allah ya nuna mini mashiga da kyakkyawar niyya, sai da muka yi nisa na ga jirgin ya miƙe yana tsallaka mashigin Bosforus, har ya sauke mu a Uskudar, ɓangaren Asiya. A hanya ma fararen tsuntsayen tekun da ke bin jirgin suka fizge rabin simit ɗina, wato zagayayyen burodin nan mai riɗi, ina cikin ɗaukar muku hoto.

A Uskudar na sallaci Azahar a masallacin Mihrimah Sultan da ke daf da tasha, wanda shahararren magini Sinan ya kammala a 1548. Da na fito, wani dattijo da muka yi sahu ɗaya ya lura da ruɗewata, ya ja ni wani ɗan shago ya saya mini ayran. Kamar tsinkakken kindirmo yake, sai dai gishiri ake sa masa maimakon sukari, kuma yana kashe ƙishirwa nan take. Ba ma jin harshen juna, amma da na ce "Ayyub", sai ya dafa ƙirjinsa, ya raka ni har bakin jirgin da ke tashi daga nan ya shiga mashigin Halic kai tsaye, wato ruwan da unguwar Ayyub Sultan take bakinsa.

Yanzu ga ni a harabar masallacin Ayyub Sultan, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa lokacin Hijira, ya kuma rasu a bayan ganuwar wannan birni a zamanin Mu'awiya, yana dattijo cikin rundunar Musulmi. Layin masu ziyara ya yi tsawo, zan kashe kyamara in bi sahu. Gobe Laraba, in Allah ya kai mu, zan koma Topkapi tun kafin a buɗe ƙofa.