Ƙurar Gida Ta Biyo Ni Kumasi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ƙarfe bakwai da rabi yanzu a nan Aboabo, cikin Kumasi. Bari in ɗaga muku wayar sama. Wancan farin faifan da ke bisa rufin kwano rana ce fa, ba wata ba ne. Hazo ya rufe mata fuska, ko zafinta ba a ji. Ga kuma motar maƙwabcina, jiya da la'asar aka wanke ta. Ku dubi yatsana da na shafa gilashin: fari fat, kamar na taɓa garin rogo.

Ni ɗan Kano ne, goro ya kawo ni ƙasar Asante, kamar yadda ya kai kakanninmu Gwanja. Da na zo na ɗauka na baro hunturu a gida, tunda nan ƙasar daji ce da ruwan sama. Ashe yana biyo mutum. Su kansu Asantawa watan Janairu Opepon suke ce masa, wato babban hunturu.

Wannan ƙurar da ke yatsana ta yi tafiya. Akasarinta daga Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, wani kwari da a da can gindin babban tafki ne. Ruwa ya ƙafe, ya bar ragowar ƙananan halittun ruwa, shi ya sa take da wannan farin. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashe ta zuwa kudu maso yamma, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Mai nauyin tana zubewa tun a hanya. Mai laushin ce ke ƙarasowa nan, kuma ita ce abar tsoro, don gashin hanci ba ya tare ta, har cikin huhu take shiga. Masana na ce mata PM2.5, silin gashin kai ya fi ƙwayarta kauri kusan sau 30. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikirogiram 15 a kowace mita mai siffar akwati ta iska, a matsakaicin kwana guda.

A Kano mun san abin. Idan buji ya sauka sosai, jirage kan kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, ɗan acaɓa ya naɗe fuska da rawani, uwa ta shafe yara da man kaɗanya saboda faso da kaushi. Kuma duk wanda ya yi wayo a 1996 bai manta sanƙarau ba. Busasshiyar iska na tsattsage cikin hanci da maƙogwaro, cuta ta samu ƙofa. Har yau idan yaro ya ce min wuyansa ya sanƙare ga zazzaɓi, gabana faɗuwa yake. Arewacin Ghana ma, wajen Wa da Bolgatanga, yana cikin wannan yanki na sanƙarau.

To ga abin da ya sa na kunna kyamara yau. Ku biyo ni bayan layin nan. Kun ga hayaƙin can? Shara aka cinna wa wuta a bakin kwata, leda ce da robobi. Da sanyin safiya irin wannan hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake daidai hancin mutum, ya haɗu da ƙura, ya haɗu da na tsofaffin tirotiro, wato motocin haya na nan Ghana. Kuma ta nan yara ke bi zuwa makaranta. Wallahi abin yana ci min rai. Ƙurar Bodele ba mu muka tayar da ita ba, amma wannan wutar ɗan unguwa ne ya kunna ta da hannunsa.

Bari mu gaisa da Mma mai koko. Mma, ina kwana? Yaya tarin? Ta ce da sauƙi, amma ni na ji yadda ƙirjinta ke kuka. Fuka gare ta, tun ƙarfe huɗu tana gaban murhu. Mma, ga takunkumi na kawo miki, don Allah ki riƙa sawa, ki kuma rufe tukunyar nan. Idan numfashin ya matsa, asibiti za mu, ni zan kai ki.

Na yi magana da liman ɗazu, na roƙe shi ya taɓo maganar ƙona shara ranar Juma'a, ya ce in sha Allahu. Ni kuma zan wuce shago. Jiya na buɗe huhu ɗaya na tarar goron bakin ya fara yaushi, sai na yayyafa ruwa na sake ganye kafin masu saye su iso.