Dutsen Wata Ba Ya Amsa Kiran Maganaɗisu

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurarenmu, barkanmu da war haka. Yau ma ina tare da Malam Sani da Bashir. Ga kuma wani baƙin dutse Bashir ya ɗora mana a kan tebur tun kafin mu gama gaisawa.

Bashir: Wani maƙwabcina ne ya tsinto shi a gona. Ya ce yana da nauyi, maganaɗisu kuma yana kama shi, wai ko daga Wata ya faɗo. Na ce bari Malam ya gani.

Malam Sani: Miƙo nan. To, Bashir, ka gaishe shi, ka ce masa kashin maƙera ne. Dubi ramukan nan har cikinsa, kamar soso. Wurin da aka taɓa narka tama a da ne ya nome. Kuma maganaɗisun da ya sa masa rai, shi ne ya fara cire min Wata daga lissafi.

Hadiza: Ikon Allah! Malam, ai mu abin da muka sani shi ne dutsen sama yana da ƙarfe.

Malam Sani: Haka yake ga mafi yawansu, Malama Hadiza. Yawancin duwatsun da ke faɗowa ɓaraguzai ne daga tsakanin duniyar Mas da Jufita, kuma da ƙwayoyin ƙarfe a jikinsu. Na Wata kuwa ƙarfensa kaɗan ne ƙwarai. Ka kanga masa maganaɗisu, ko ya yi shiru ko ya ɗan motsa da ƙyar. Mai neman da ya dogara da maganaɗisu sai ya tsallake mafi daraja ya kwashi na gama-gari.

Bashir: To ta yaya ma dutse ke baro Wata?

Malam Sani: Wani dutsen ne ke faɗa wa Wata da ƙarfi, ƙasar wurin ta yi tsalle. Duk ɓallin da gudunsa ya wuce kilomita 2.4 a daƙiƙa ɗaya ya kuɓuce wa Wata ke nan. Sai ya yi ta yawo, wani shekaru dubbai, wani fiye, har duniyarmu ta jawo shi. Abin da ke ba ni mamaki kullum: har yau ba a taɓa ganin faɗowar ko ɗaya da ido ba. Dukansu tsintuwa ce.

Hadiza: Amma na Zagami ai an ga faɗowarsa.

Malam Sani: An gani, ranar 3 ga Oktoba, 1962, a lardin Katsina, kusa da wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa. Nauyinsa kimanin kilo 18. Sai dai shi daga Mas ya zo.

Bashir: Na Wata fa, wa ya fara ganewa?

Malam Sani: A Antatika ne, yankin ƙanƙara na kudancin duniya, cikin Janairun 1982. Ayarin masu bincike na Amurka suka tsinci ɗan dutse mai nauyin giram 31 a wurin da ake kira Allan Hills. Da aka yanka aka duba, sai aka ga kamarsa ɗaya da duwatsun da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kawo daga Wata tsakanin 1969 da 1972, kilo 382. Da babu waɗancan a ajiye, da gane shi ya yi wuya. Daga baya hamada ta karɓe: Dar al Gani a Libiya a 1997 da 1998, Dhofar a Oman, da ɗimbin waɗanda ake kawowa kasuwar Erfud a Maroko. Yau in aka tara na tsintuwa, nauyinsu ya zarce na Apollo, amma ba su kai ɗaya cikin ɗari na duwatsun saman da aka sani ba.

Hadiza: Me ya sa hamada? A can suka fi faɗowa?

Malam Sani: A'a, ko'ina suna faɗowa. A gonakinmu damina ce ke cinye su, ciyawa ta rufe, marmara ta saje da su. A hamada dutse kan yi shekaru dubbai yana zaune inda ya sauka. Masu nema ma ba sa bin tudun yashi. Shimfiɗaɗɗen fili mai farar tsakuwa suke bi, da hantsi ko la'asar, rana a bayansu, inda baƙin abu ke fita fili tun daga nesa. Makiyaya da matafiyan da suka san kowace tsakuwa ta yankinsu su ne suka tsinci mafi yawa, ko da yake ba kasafai sunansu ke shiga takarda ba, kuma wannan yana damuna.

Bashir: To a ce ga shi a hannuna, Malam. Me zan duba?

Malam Sani: Fara da bayansa. Iska tana ƙona shi lokacin shigowa, sai ya yi siririn ɓawo kamar ƙanzo, kaurinsa bai fi na farce ba. Na Allan Hills ɓawonsa ba baƙi ba ne, ya ɗan yi kore-kore da ƙananan kumfa. Amma fa iskar hamada takan goge ɓawon nan tas. Sai ka koma inda ya ɗan ɓalle. Yawancinsu kamar daɓen da ake yi da fasassun tayal suke: fararen gutsattsari masu kusurwa, manya da ƙanana, a watse cikin toka-toka ko baƙi. Fararen nan irin dutsen da ke sa Wata haske ne, na tuddansa.

Hadiza: Abin da muke hange daren sha huɗu ke nan, a tafin hannu.

Malam Sani: Shi ne. Sannan akwai abubuwan da ke kore shi nan take. In ka ga layi-layi kamar an jera faifai, aikin ruwa ne, Wata kuwa ba kogi. In ka ga tsakuwa mai santsi kamar ta bakin rafi, ko ƙanƙarar dutse mai ƙyalli, ajiye shi. Duk da haka ido ba ya yanke hukunci. Sai ɗakin gwaji ya auna yawan ƙarfe da manganis a ma'adinansa da kuma irin iskar oksijin da ke ciki. Kafin a ba shi suna a hukumance, sai an ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiyar bincike.

Bashir: Ni maganar Agadas ce ke raina. Dutsen Mas ɗin nan da aka tsinta a 2023, kusan kilo 25, aka yi gwanjonsa a birnin Niyok na Amurka a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3.

Hadiza: Har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irinsu.

Malam Sani: Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya ci karo da abin da yake zato, ya fara sanin dokar ƙasar da yake. Ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance kafin ya taɓa, ya adana lambar wurin a wayarsa, ya duba kewaye, don sau da yawa dutsen kan fashe ya warwatsu. Kada ya wanke, kada ya shafa mai, kada ya fasa da guduma. Maganaɗisu mai ƙarfi kuma yana share tarihin da ke cikin dutsen, wanda masana ke karantawa.

Bashir: Wannan fa, in mayar masa?

Malam Sani: Mayar masa, amma ka tambaye shi daidai inda ya haƙo shi. In akwai tsohuwar maƙera a gonar nan, ina so in je in gani.