Injin Sassaƙa Ƙarfe: Ina Wutar Take Tafiya?

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da masu sana'ar ƙarfe da suka baro shagunansu suka zo, sannunku da zuwa.

Yawancinmu mun ɗauka cewa injin sassaƙa ƙarfe yana shan wuta ne a daidai lokacin da wuƙarsa ke cin ƙarfe. Ba haka abin yake ba. Da zarar an kunna injin da kwamfuta ke sarrafawa, famfon ruwan sanyaya ya tashi, famfon mai ya tashi, ga fanka, ga kwamfutar kanta, duk suna jan wuta tun wuƙa ba ta taɓa komai ba.

A 2006, Farfesa Timothy Gutowski na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa suka rubuta lissafin a sauƙaƙe. Wutar da inji ke ja kashi biyu ce: akwai tsayayya, wadda ba ruwanta da ana aiki ko ba a yi, akwai kuma wadda ke ƙaruwa gwargwadon yawan ƙarfen da ake cirewa a kowace daƙiƙa. Sun kawo misalin wani layin injuna na kamfanin Toyota, inda yankan kansa bai wuce kashi 15 cikin 100 na wutar ba. Ku sake jin adadin nan. Sauran duk na'urorin gefe ne suka lashe. A 2013 kuma Balogun da Mativenga na Jami'ar Manchesta suka ƙara mataki na uku, wato lokacin da inji ya fara juyi, wuƙa tana matsowa, amma ba ta kama ƙarfe ba tukuna.

To, mu ƙaddara tsayayyar wutar injinka kilowat 3 ce. Aikin minti 10 zai ci rabin kilowat-awa kafin a ma lissafa yankan. Ka gama shi a minti 6, ya koma 0.3. Ƙarfen da aka cire dai ɗaya ne. Shi ya sa nake jin takaicin ganin inji yana ta ruri, mai shi kuwa ya tafi neman ma'auni ko yana ciniki a bakin ƙofa. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A a Najeriya, wato masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, naira 225 kowane kilowat-awa a Afrilun 2024, wannan sakaci ya zama asara ta gaske, balle mai aiki da janareta.

Amma kada wani ya fita nan ya ce na ce a ƙure gudu. Gudu ya yi yawa, wuƙa ta yi zafi ta dakushe da wuri, ita ma kuwa da wuta mai yawa aka ƙera ta, ga tsayawar canja ta. Sau da yawa ƙara zurfin yanka da saurin turawa ya fi ƙara saurin juyi sauƙi ga wuƙa.

Ɗalibai, ga aikinku na mako mai zuwa: ku ɗauki mita, ku auna inji a kunne babu aiki, ku auna yana juyi a iska, sannan yana yanka, ku kawo mini lambobin uku.