Zubar da ciki da akwatin zaɓe a Amurka

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da kuka daure kuka zo cikin wannan zafin rana.

Bari in fara da Ronald Reagan, tsohon shugaban Amurka. Mutumin da masu adawa da zubar da ciki a Amurka suke ɗauka gwarzonsu, shi ne ya sa hannu kan dokar da ta sassauta shi a jihar Kalifoniya a 1967, lokacin yana gwamna. A 1971 ma babban taron cocin Baptis na Kudu ya nemi a yarda da shi idan fyaɗe aka yi, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. A wancan lokacin maganar ba ta zama tutar wata jam'iyya ba tukuna.

A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Roe da Wade, ta ce tsarin mulki ya ba mace wannan 'yanci. Ko da haka sai da aka kwashe shekaru kafin 'yan siyasa su gane cewa akwai ƙuri'a a nan. Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin mazan jiya mai suna Moral Majority a 1979, shekara na zagayowa Reagan ya ci zaɓen shugaban ƙasa a jam'iyyar Rifablikan. Daga nan jam'iyyar Rifablikan ta riƙe wuta: ku zaɓe mu, mu naɗa alƙalan da za su soke Roe. Trump ya naɗa uku, kuma ranar 24 ga Yuni 2022, a shari'ar Dobbs, aka soke shi, aka mayar wa kowace jiha wuƙa da nama.

Ku dubi Tegzas. A 2021 ta hana zubar da ciki daga wajen mako shida, ta kuma ba kowa damar kai ƙarar wanda ya taimaka, ya karɓi aƙalla dala 10,000. Iyayenmu mata da ke nan sun sani, a mako shida wata ma ba ta tabbatar ta yi ɓatan wata ba.

To, sai aka tambayi jama'a kai tsaye. Kansas jiha ce ta 'yan Rifablikan, amma a Agustan 2022 kusan kashi 59 cikin ɗari suka ƙi a cire wannan kariya daga tsarin mulkin jihar. A 2024 mutanen Mizuri suka zaɓi Trump, a rana guda kuma suka amince da 'yancin zubar da ciki. A Fulorida kashi 57 suka amince, amma doka na son 60, sai ya faɗi. Ni abin da na karanta a nan shi ne, mutum yana iya ƙyamar abu a zuciyarsa, kuma ya ƙi yarda a ɗaure likita saboda shi. Yana ci mini rai ƙwarai in ga maganar rai da mutuwa ta koma hajar kamfe.

Wani zai ce mu ina ruwanmu? Akwai ruwanmu. Tun 1984 akwai wata ƙa'ida da ake kira ta Birnin Meziko: ƙungiyar waje da ke karɓar tallafin Amurka ba za ta yi aikin zubar da ciki ko ta tallata shi ba, ko da da kuɗinta ne. Ɗan Dimokurat ya hau ya soke, ɗan Rifablikan ya hau ya dawo da ita. Trump ya sake dawo da ita a Janairun 2025. Idan ƙungiya ta rasa tallafin nan, abin yakan shafi har awon ciki da maganin tazarar haihuwa a ƙananan asibitocin Afirka, ga matan da ba su taɓa jin sunan Kansas ba.

Lokacin salla ya matso, a kawo tambayoyi biyu ko uku.