Wa zai riƙe yaranka, wa kuma zai riƙe dukiyarsu?

Assalamu alaikum, jama'a.

Ranar sadakar uku, an shafa fatiha, ana naɗe tabarmi, sai wani baffa ya yi gyaran murya ya ce, "To, yaran nan mu za mu kwashe su." Uwarsu tana ɗaki cikin takaba, babu wanda ya tambaye ta. Takardar gida da makullin shago kuwa tuni sun shige aljihun wani. Marigayin bai bar wasiyya ba, don haka mai ƙarfin murya shi ya yanke hukunci.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na arewacin Najeriya ke aiki da ita, riƙon yaro daban, kula da dukiyarsa daban. Mu ne muke cakuɗa su.

Riƙo shi ne abin da malamai ke kira hadana: ci da sha, wanka, wurin kwana, tarbiyya. Wannan haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, sai riƙo ya koma hannun kaka ta wajen uwa, bayanta ya ko ƙanwar uwa. Baffa yana can baya a layi. Saboda haka uba ba zai rubuta a takarda cewa a ƙwace yara daga hannun uwarsu a kai wa ƙaninsa ba.

Inda uba yake da ta cewa shi ne dukiya. Yana raye, shi ne waliyyin dukiyar 'ya'yansa ƙanana. Bayan ransa sai wanda ya naɗa, wato wasiyyi. In bai naɗa kowa ba, magana ta koma gaban alƙali. Zama kaka ko wa ko baffa kaɗai ba ya ba mutum ikon taɓa gadon maraya, sai in uban ya ambace shi ko alƙali ya ɗora shi. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya sa wasiyya da gado da al'amuran yaro ƙarami Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

To, wa za ka naɗa? Sharuɗɗan fiƙihu gajeru ne: Musulmi, baligi, mai hankali, adali, mai iya aikin. Kalmar ƙarshen nan ce muke tsallakewa. Sau da yawa kunya ce ke zaɓar mana: babban wa, don kada ya ji an raina shi. Amma mutumin da bashi ya yi wa katutu, ka danƙa masa kuɗin marayu, ka jefa shi cikin jarrabawa ne. Dattijon da ya girme ka da shekara ashirin, yaya za a yi ya raka ɗan shekara uku har zuwa balaga? Akwai kuma mai amana sosai wanda bai taɓa karɓar kuɗin haya ko lissafin riba ba. Dukiyar maraya ba ta son zama wuri ɗaya. A Malikiyya ana fitar mata da zakka, shi ya sa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya ta da kasuwanci kada zakka ta cinye ta. Balle yanzu da naira ke zagwanyewa tana kwance a asusu.

Duba kuma yadda yake da uwar yaran. Ita za ta riƙa zuwa karɓar kuɗin makaranta da na magani. In dama ba sa ga maciji, yaran ne za su sha wahalar. Kuma, ko da wasu za su yi mamaki, mace tana zama wasiyyiya. Matarka da ta san sirrin kasuwancinka tana iya fin kowa cancanta. Kana iya haɗa ta da ɗan'uwanka, sai dai ka sani: in ka naɗa biyu ba ka raba musu aiki ba, ɗaya ba zai zartar da komai ba sai da ɗayan.

Ka tambaye shi tun kana raye. Yana da damar ya ƙi, ko ya janye bayan ya karɓa, muddin kana da rai. Idan ya karɓa kuma ka rasu, ba shi da ikon sauke kansa yadda ya ga dama.

Sai rubutu. Hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Amma takardar da ka rubuta da hannunka ka jefa cikin akwati, ba shaida, ba ka ce a zartar ba, malaman Malikiyya sun ce ba a aiki da ita. Kira adilai biyu su shaida, ka lissafa gida da fili da shago da asusu da bashin da kake bi da wanda ake bin ka. Sunan da ka cike a fom ɗin banki ko na fansho a gurbin ɗan'uwa mafi kusa bai mai da mutum wasiyyi ba, bai kuma ba shi gado ba. Shi ne dai za a fara nema.

Aikin wasiyyi yana da ranar ƙarewa. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a riƙa gwada marayu har su isa aure. In an ga sun iya riƙon dukiya, a miƙa musu, a gaban shaidu. Wasiyyi mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon hidimarsa. Don haka ka rubuta masa cikin wasiyyar cewa ya buɗe littafi tun ranar farko, abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma uwar yaran ta riƙa ganinsa ko da sau ɗaya ne a shekara.