Kukan Mai Jego da Ya Wuce Mako Biyu

Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran jiki da suka hauhawa lokacin goyon ciki, istirojin da furojestaron, sai su faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa yawancin masu jego, har kusan 8 cikin 10, suke kuka ba gaira ba dalili a makon farko. Wannan yana wucewa da kansa kafin kwana 14.

Idan ya zarce haka, magana ta canja. Jariri ya ƙoshi ya yi barci, ita kuwa idonta biyu duk da gajiyar da ta yi. Abinci ba ya shiga. Tana shayarwa, amma zuciyarta ba ta wajen yaron, sai ta riƙa zargin kanta wai ita ba uwar kirki ba ce. Wannan shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mata 13 cikin 100 ne ke fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan ciwon, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa 20.

Wadda ta taɓa yin ciwon damuwa, musamman tana da ciki, ita ta fi shiga haɗari. Sai rashin mai taimako, miji mai duka ko zagi, talauci, doguwar naƙuda, da jariri marar lafiya.

Matsalar ita ce ciwon yana ɓuya. Kowa na ta barka, wa za ta iya ce wa ba ta farin ciki? Saboda haka a 1987 masana a birnin Edinburgh na ƙasar Scotland suka fitar da tambayoyi 10 a kan yadda mace ta ji a kwana 7 da suka wuce. Minti biyar ya isa. Maki 30 ne gaba ɗaya, kuma wadda ta samu 13 ko fiye tana buƙatar likita ya duba ta da kyau, don takardar ba ta yanke hukunci. Tambaya ta ƙarshe kuwa, wato ko tunanin cutar da kanta ya zo mata, ba a jiran lissafi a kanta. Ko maki ɗaya ne, a ranar za a ɗauki mataki.

Ciwon yana warkewa, ta hanyar zama da ƙwararre ko magani, kuma akwai magunguna irin su sertraline da ba sa hana shayarwa. Amma idan mai jego ta fara jin muryoyin da ba wanda ke jin su sai ita, ko sambatu, abin da ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, a kai ta asibiti nan take.