Joe Appiah, lauyan Kumasi da ya raba gari da Nkrumah

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan ɗan garin nan ne, Joe Appiah, wanda aka haifa a Kumasi ta ƙasar Ghana a 1918, ya rasu a 1990. Dattawan Zango sun san sunan. Samari kuwa, in sun sani, sai dai su ce mahaifin Farfesa Kwame Anthony Appiah na Amurka.

Karatun lauya ya kai shi Landan, can suka ƙulla aminci da Kwame Nkrumah. A 1953 ya auri Peggy Cripps, 'yar tsohon ministan kuɗi na Ingila, auren da jaridun duniya suka yi ta cece-kuce a kai. Da ya dawo gida, kowa ya ɗauka a CPP, jam'iyyar Nkrumah, zai tsufa. Ina! A 1955 sai ga shi a NLM, ƙungiyar da Baffour Akoto, kakakin Asantehene, Sarkin Asante, ya jagoranta, masu kukan farashin koko da neman mulkin tarayya. Shekara na zagayowa Appiah ya ci kujerar majalisa ta Atwima-Amansie.

A nan labarinsa ya haɗu da namu. Jam'iyyar Musulmi, MAP, wadda Zango ne ƙarfinta, tana tafiya da NLM. Wata biyar da samun 'yanci, a Agustan 1957, gwamnati ta kori Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jiga-jigan MAP, zuwa Najeriya. Suka ce su 'yan ƙasa ne, suka kai ƙara. Shari'a na gaban alƙali, majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayen mutum biyun, magana ta mutu. Ku duba fa: lauya Appiah na zaune a majalisa, yana kallo ana kashe shari'a da yawan ƙuri'a.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A 1958 aka kawo dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi kotu ba, a Oktoban 1961 kuma ta hau kan Appiah da J.B. Danquah da Victor Owusu, 'yan'uwansa 'yan adawa. Amininsa na Landan ne ke mulki. Sai 1962 ya fito.

Har nan, ban da abin cewa sai jinjina. Amma sauran tafiyar na da ƙura. Ya raba jiha da Busia, abokin gwagwarmayarsa da ya zama firaminista a 1969, ya shugabanci jam'iyyar adawa ta Justice. Da Kanar Acheampong ya kifar da gwamnatin Busia a Janairun 1972, Appiah ya karɓi aikin jakada na musamman a hannunsa. Wanda ya kwana a kurkuku don ƙin mulkin mutum ɗaya, ga shi yana yi wa soja aike. Ni dai har yau na kasa haɗa waɗannan biyun.